Idan Imel ɗin Ofis Ya Tsaya: Yadda Ake Bin Matsalar Daga Waya Har Zuwa Saba

Duk ofishin da ke aiki da imel ya san ranar da ake wayar gari da ƙorafi. Akanta na jiran takarda daga banki ba ta shigo ba, sakatariya ta tura takardar neman kwangila ta dawo mata, shugaba kuma yana kan hanya wayarsa na ta neman kalmar sirri. A irin wannan rana ba matsalar ce ta fi yin ɓarna ba, gaggawar gyara ce. Sai ka ga an goge akwatin imel daga waya, an canza kalmar sirri, an kashe saba an kunna, duk cikin minti goma. In abin ya gyaru babu wanda ya san me ya gyara shi, in kuma ya ƙara lalacewa babu wanda ya san me ya lalata shi.

Wannan jagora ta wanda aka ɗora wa kula da kwamfutocin ofis ce, ko ƙwararre ne ko kuwa shi ne dai aka ga ya fi kowa hannu. Ƙa'idarta ɗaya ce: kada ka taɓa komai sai ka gano inda saƙon ya tsaya, kuma in za ka taɓa, taɓa abu ɗaya ka gwada kafin ka matsa gaba.

Fara sanin hanyar da saƙo ke bi

Idan ma'aikaci ya danna aikawa, manhajar wayarsa ko ta kwamfutarsa na miƙa saƙon ga sabar ofis ta hanyar tsarin da ake kira SMTP. Sabar sai ta tambayi DNS, wato kundin sunayen intanet, wace saba ce ke karɓar wasiƙun wancan adireshin. Amsar na cikin wani layi da ake kira MX. Saƙon ya isa can, a tace shi ko na banza ne, sannan a ajiye shi a akwatin mai shi. Daga nan wayar mai karɓa ta ɗauko shi ta IMAP, ko POP3, ko ActiveSync in Exchange ake amfani da shi. Kowane mataki a nan na iya tsayawa shi kaɗai, saura na aiki lafiya. Don haka ake bin hanyar kamar yadda mai gyaran famfo ke bin bututu, daga bakin famfo zuwa tanki, ba ya fasa bango kafin ya duba ko an rufe makunni.

Ka kuma san wane irin tsari ofishinku ke da shi, domin magani ya bambanta. Ƙananan kamfanoni da makarantu da yawa imel ɗinsu na tare da shafinsu na intanet a wurin kamfanin da ke ba su hayar wuri, ana sarrafa shi ta cPanel. Wasu sun yi rajista da Microsoft 365 ko Google Workspace, sabar ba ta hannunsu sam. Wasu kuma sabar na cikin ginin ofis, tana ɗauke da Exchange, ko Zimbra, ko Postfix da Dovecot. In ba ka san wanne ne naku ba, wannan ne aikinka na farko tun kafin matsala ta zo.

Tambayoyi huɗu kafin ka ɗauki waya

Idan Hajiya ta sashen kuɗi ta ce maka, "Malam, imel ɗina ba ya yi," kada ka karɓi wayar tukuna. Tambaye ta, ka kuma tambayi na kusa da ita.

Ta farko, wa abin ya shafa? Mutum ɗaya ne, ko sashe ɗaya, ko kowa? In mutum ɗaya ne, kusan kullum matsalar na wayarsa ko akwatinsa. In kowa ne, bar wayoyi ka nufi saba da hanyar intanet.

Ta biyu, aikawa ne ya tsaya ko karɓa? Hanyoyi ne daban. Wanda ke karɓa amma ba ya iya aikawa, duba saitin SMTP ɗinsa. Ofishin da ke tura wa juna saƙo lafiya amma na waje ba ya shigowa, duba MX da katangar tsaro.

Ta uku, a ina? A Wi-Fi na ofis, ko a data, ko duka biyu?

Ta huɗu, tun yaushe, kuma me aka canza? An sabunta kalmar sirri jiya? An sayi sabuwar waya? An ɗauke wuta da dare? An canza kamfanin da ke kula da shafin ofis? Mutane kan ce, "Ban taɓa komai ba," ba don ƙarya ba, sai don ba su ɗauki abin da suka yi a matsayin taɓawa ba. Yi tambayar a hankali, ba da sigar tuhuma ba.

Bayan tambayoyin sai gwaji ɗaya da ya fi kowane amfani: buɗe akwatin ta burauza. A cPanel ana shiga ta adireshin ofis a ƙofa mai lamba 2096, a Microsoft da Google kuma ta shafinsu na shiga. In an shiga, saƙonni na nan, aikawa na tafiya, to saba lafiya take, kalmar sirri ma daidai take, matsalar na cikin waya. In burauza ma ta ƙi, to ba wayar ba ce. Wannan gwajin na minti biyu ya raba maka aikin gida biyu.

Idan matsalar na cikin waya

Fara da mai sauƙi. Buɗe wani shafi ka tabbata akwai data, domin WhatsApp kan yi aiki a kan ƙunshin da aka saya don soshiyal midiya kawai, alhali imel ba zai wuce ba. Duba kwanan wata da agogo, ka sa su a kan saitin kai-tsaye. Wayar da agogonta ya kauce za ta iya ƙin amincewa da takardar shaidar tsaron saba, kuma lambobin tabbatarwa na manhajar Authenticator, masu canzawa duk daƙiƙa 30, ba za su dace ba.

Sai saitin akwatin. Lambobin ƙofa da ya kamata ka haddace su ne: IMAP mai tsaro 993, POP3 mai tsaro 995, aikawa ta SMTP 587 tare da STARTTLS ko 465 tare da SSL. ActiveSync kuwa 443 yake bi. Ƙofa ta 25 ta tsakanin saba da saba ce, kuma kamfanonin intanet da yawa na toshe ta ga masu amfani, don haka kada a sa ta a waya. Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na ɗaya, a rubuta rabin suna maimakon cikakken adireshin imel a gurbin sunan mai shiga. Na biyu, a canza kalmar sirri a ɓangaren karɓa a manta da ɓangaren aikawa, musamman a iPhone inda suke a wurare daban. Alamarsa ita ce saƙo na shigowa amma na fita na maƙale.

Idan ƙorafin shi ne saƙo ba ya shigowa sai an buɗe manhaja, duba tsimin batir. Wayoyin Android, ciki har da Tecno da Infinix da itel da suka cika ofisoshinmu, na kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don batir ya daɗe. Cire manhajar imel daga wannan takunkumi, ka ba ta izinin amfani da data a bayan fage, ka tabbata aiki-tare na kai-tsaye a kunne yake. A iPhone, yanayin tsimin batir na rage ɗauko saƙo, kuma akwai saitin da ke cewa a ɗauko duk minti 15, ko 30, ko sai an buɗe da hannu. Duba kuma ko ma'ajiyar wayar ta cika.

Ofishin da ke kan Microsoft 365 na da nasa dalili na musamman. Tun daga 1 ga Oktoba 2022 kamfanin ya fara rufe tsohuwar hanyar shiga da suna da kalmar sirri kawai a ActiveSync da IMAP da POP. Tsohuwar manhaja, ko akwatin da aka saita da tsohon salo, zai ta neman kalmar sirri ko da an rubuta daidai. Magani shi ne a cire akwatin a sake saka shi yadda zai bi ta shafin shiga na Microsoft, ko a koma manhajar Outlook. Google ma ya rufe irin wannan tsohuwar hanya. In kuma sabuwar waya ce ta ƙi haɗuwa da Exchange, duba ko an tsare ta tana jiran amincewar mai kula.

Gargaɗi kafin ka cire akwati daga kowace na'ura: duba IMAP ne ko POP3. IMAP na barin saƙonni a saba, cirewa ba ta cutarwa. POP3 kuwa na iya kwaso su zuwa na'urar ya goge na saba. In ka cire irin wannan akwati ba tare da ajiya ba, wasiƙun shekaru na iya tafiya.

Wayar da aka manta da ita

Akwai wata matsala da ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana ruɗa har ƙwararru. Manaja ya canza kalmar sirrinsa ranar Litinin, ya sabunta ta a kwamfutarsa da sabuwar wayarsa. Amma akwai tsohuwar waya a aljihun tebur, ko wadda ya ba ɗansa a gida, har yanzu da akwatin ofis a ciki. Duk 'yan mintuna tana gwada shiga da tsohuwar kalma. A ofis mai Exchange, bayan kuskure kaɗan sai a kulle asusunsa. Ka buɗe, bayan rabin awa ya sake kulluwa. A ofis mai cPanel abin ya fi muni: in wayar na kan Wi-Fi na ofis, katangar tsaron saba za ta ɗauka ɓarawo ne ke gwada sa'a, sai ta toshe adireshin IP na ofishin baki ɗaya. Nan take kowa ya rasa imel, har shafin kamfanin ma ya daina buɗewa daga cikin ginin.

Alamar da za ta nuna maka ita ce wannan: kashe Wi-Fi a waya ɗaya ka kunna data. In imel ya dawo nan take, an toshe adireshin ofis ne. Nemi kamfanin da ke ba ku hayar saba su cire toshiyar, kuma ka ce su gaya maka wane akwati ne ke ta kuskuren shiga. Sannan ka je wurin mai shi: "Ranka ya daɗe, ban da wannan wayar, akwai wata na'ura da aka taɓa sa imel ɗin nan a ciki?" Kada ka manta da injin kwafi mai tura takarda ta imel, da manhajar lissafi mai aika rasiti. Su ma suna riƙe da kalmar sirri. In ba a gano na'urar ba, za a cire toshiya yau ta dawo gobe.

Akasin haka ma na faruwa a ofishin da sabar ke cikin gini: imel na aiki a Wi-Fi amma da an fita ƙofa sai ya tsaya. A nan duba ko ƙofofin 443 ko 993 a buɗe suke daga waje, ko adireshin IP na ofis ya canza bayan an sauya kamfanin intanet, ko kuma an saita wayar da sunan saba na cikin gida wanda duniyar waje ba ta san shi ba. Shafin gwaji na Microsoft mai suna Remote Connectivity Analyzer na gwada haɗin daga waje ya nuna matakin da ya faɗi.

Karanta saƙon da ya dawo

Idan saƙo ya dawo, ma'aikata kan goge shi saboda dogon Turancin da ke ciki. Roƙe su su turo maka shi, domin amsar na ciki. Nemi lamba mai kashi uku. Wadda ta fara da 4 na nufin matsala ce ta ɗan lokaci, saba za ta ci gaba da gwadawa. Postfix kan yi ta gwadawa har kwana 5, Exchange na cikin ofis kuma kwana 2, in ba a canza saitin ba. Wadda ta fara da 5 na nufin an ƙi saƙon gaba ɗaya.

Lamba 5.1.1 na cewa babu wannan adireshin, galibi harafi ɗaya aka kuskure ko mutumin ya bar aiki. 5.2.2 na cewa akwatin mai karɓa ya cika. 5.3.4 na cewa saƙon ya yi girma. Gmail na barin mai aikawa ya haɗa fayilolin da ba su wuce MB 25 ba, kuma fayil kan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka lulluɓe shi cikin imel, don haka fayil mai MB 20 na iya tsallake iyakar wata sabar. 5.7.1 na cewa an hana bisa doka ko tsaro. Duba kuma sunan sabar da ta ba da amsar: taku ce ta ƙi, ko ta can? Wannan kaɗai zai gaya maka wa za ka kira.

In saƙo bai dawo ba kuma bai isa ba, bi sawunsa. Microsoft 365 na da Message trace, Google Workspace na da Email Log Search, cPanel na da Track Delivery. Sau da yawa za ka ga saƙon ya isa, yana cikin akwatin wasiƙun banza, ko wata doka da mai akwatin ya kafa ta kai shi wani wuri.

Idan kowa ya tsaya

Ga masu Microsoft da Google, duba shafin lafiyar hidima a ɓangaren mai kula, sannan ka tabbata kuɗin rajista bai ƙare ba. Ga kowane irin tsari, duba sunan yankin ofis. In wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta ba, ko mai gyaran shafi ya canza DNS ya share MX, wasiƙun waje za su daina zuwa. Umarnin nslookup -type=mx tare da sunan yankin, ko shafin MXToolbox, zai nuna maka cikin daƙiƙoƙi.

Ga mai saba a cikin gini, bi wannan jeri. Wuta da sanyi tukuna: shin sabar ta mutu lokacin da aka sauya zuwa janareta, batirin UPS ya gaji? Ta tashi amma wasu hidimomin ba su tashi tare da ita ba? Sai faifan ajiya. Exchange na daina karɓar saƙo da kansa in wuri ya yi ƙaranci, ya ba da lamba 452 4.3.1. Abin da ya fi cika faifan shi ne fayilolin rajistar ma'amala, waɗanda ke taruwa idan ajiyar ko-ta-kwana ta daina gudana. Kada ka goge su da hannu, za ka iya lalata rumbun wasiƙun. Gyara ajiyar, cikakkiyar ajiya ce ke share su. Sai layin jira: a Postfix umarnin mailq na nuna saƙonnin da ke jira da dalilin kowanne, a Exchange kuma akwai Queue Viewer. Sai takardar shaidar tsaro. In duk wayoyi sun fara gargaɗin rashin tabbatar da saba a safiya ɗaya, wa'adinta ne ya ƙare. Ta Let's Encrypt da aka saba kwana 90 take yi, kuma sabuntawar kai-tsaye kan tsaya shiru ba tare da kowa ya lura ba.

Wani lokaci laifin na manhajar ce kanta. Ranar 1 ga Janairu 2022 sabobin Exchange 2016 da 2019 a faɗin duniya sun tara saƙonni a layi saboda injin binciken ƙwayoyin cuta ya kasa karanta kwanan watan sabuwar shekara. Waɗanda suka buɗe kundin aukuwa sun ga sunan abin da ya faɗi. Kashewa da kunnawa bai amfana wa kowa komai ba a ranar.

Idan ana ƙin wasiƙunku a waje

Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Gmail na buƙatar kowane mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM, wanda ke tura saƙo 5,000 a rana kuma sai ya haɗa su biyun da DMARC. SPF jerin sabobin da aka yarda su aika da sunanku ne, kuma layi ɗaya tak ake so, biyu na ɓata shi. DKIM sa hannu ne na lantarki a kan kowane saƙo. DMARC kuma umarni ne kan yadda za a yi da wanda ya kasa gwajin. Sabar cikin gini na buƙatar layin PTR, wanda kamfanin intanet ɗinku ne ke saita shi.

In duk wannan daidai ne amma ana ƙi, duba ko adireshinku ya shiga jerin baƙin suna irin na Spamhaus. Kada ka yi gaggawar neman a cire ku. Fara duba layin jira. In ka ga dubban saƙonni daga akwati ɗaya zuwa mutanen da ba ku sani ba, an sace kalmar sirrin wannan akwatin. Canza ta, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Sannan buɗe dokokin akwatin da saitin tura saƙo gaba, domin masu kutse kan kafa dokar da ke ɓoye ko kwafe duk wasiƙar da ta ambaci biyan kuɗi. Ta nan ake sauya lambar asusun banki a kan takardar kamfani. In akwatin na sashen kuɗi ne, sanar da shugabanni a ranar, a kuma kira abokan hulɗa ta waya.

Abin da za ka yi tun yau

Yawancin ranakun tashin hankali suna da kwanan watan da aka sani tun da wuri. Buɗe takarda ɗaya ka rubuta ranar ƙarewar sunan yanki, da ta takardar shaidar tsaro, da ta hayar saba ko rajista, ka sa tunatarwa wata guda kafin kowacce. Ka tabbata rajistar sunan yankin da sunan ofis take, ba da na wani yaro da ya gina shafin ya tafi ba, kuma adireshin da ake tura gargaɗi ba ya cikin yankin da zai mutu. Rubuta saitin waya a shafi ɗaya ka raba wa ma'aikata. Riƙe jerin na'urorin da ke ɗauke da kowane akwati. Duba faifai da ajiya duk mako, kuma ka riƙa gwada dawo da akwati ɗaya daga ajiyar lokaci zuwa lokaci. Duk gyaran da ka yi, rubuta alama da dalili da magani.

In har yanzu ofishinku na kan Exchange 2016 ko 2019, ka sani Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsu ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma kutsen da aka yi wa sabobin Exchange a watan Maris 2021 ya nuna yadda ake afka wa sabar da ba a toshe ɓarakarta ba. Kai wa shugabanni wannan magana a rubuce, tare da kuɗin da sauyi zai ci. Ku kuma shugabannin ofis, ku ba mai kula da imel ɗinku minti goma ya yi tambayoyinsa kafin ku ce ya gyara yanzu-yanzu, kuma ku sa kuɗin batirin UPS da sabunta rajista cikin kasafin shekara.